Ajiyar da Ba Wanda Ya Ba Ni

Sai da na kwana goma sha ɗaya a Amurka kafin wani mutum da ba jinina ba ya ce mini sannu. Na ƙirga ne don ba ni da aikin da ya wuce wankan jariri, dama kunu da leƙen taga.

Ɗiyata Ladi ce ta sa aka nema mini biza. Nas ce a wani gari cikin jihar Ohayo. An yi mata aiki aka ciro yaro, ɗinkin ya yi ruwa, ko miƙewa ba ta iya yi sai an kama ta. Mijinta Ishaku ɗan Mahuta ne, kusa da garinmu Zuru, yana aikin gwajin jini a wani asibiti, ya fita da sassafe ya dawo kamar wanda aka yi wa duka. Ni kuwa sunana Asabe, matar soja, mai gidan ya daɗe da rasuwa. Na zauna barikin Kaduna da na Legas, can na tsinci ɗan Turancin da nake fama da shi. Karatu kuwa sai da na haura arba'in na shiga ajin manya a Rikoto, can Zuru. Na faɗi wannan ne don ku san na iya karanta suna da lamba, kuma iyawar nan tana cikin abin da ya kai ni ya baro.

Layin da suke zaune gidaje ne kamar ashirin, kowanne da baranda a gaba, da kujeru, wani har da lilo. Amma in ban da tsohuwa ɗaya, ban taɓa ganin mutum zaune a kujerun nan ba. Mota za ta taho, ƙofar gareji ta ɗage da kanta, ta haɗiye motar da mai ita, ta rufe. Shi ke nan, maƙwabcinka ya dawo. Na tambayi Ladi sunan matar gidan da ke kusa da nasu, ta ce ba ta sani ba. Shekara huɗu fa suna wurin.

Na ce, "Ke Ladi, in kika mutu cikin ɗakin nan, wa zai sani?"

Ta ce, "Wurin aiki, Mama. In ban je ba za su kira."

Wadda ta ce mini sannun wata tsohuwa ce baƙar fata, Misis Odesa, a gida mai lamba tara. Ta yi aikin gidan waya har ta yi ritaya. Ita kaɗai ke fitowa baranda, ko ana sanyi sai ta lulluɓa da bargo ta zauna. In na fito zubar da shara ta ɗaga mini hannu, in ɗaga mata.

Da watan Kirsimeti ya kama sai layin ya cika da motocin raba kaya. A ƙasar nan mutum ba ya zuwa kasuwa, a waya yake latsawa, gobe direba ya zo ya dire kwali a baranda, ya ɗauki hotonsa, ya ruga mota. Kwali ya yini a waje ba mai kula shi.

Wata Litinin aka tashi da ruwa mai haɗe da ƙanƙara, iska na kaɗa shi har cikin barandun mutane. Ina goye da jariri ina kallon wani kwali a gida mai lamba goma sha huɗu yana jiƙewa, gindinsa ya yi baƙi. Na kasa zama. A Zuru in hadari ya haɗo ba a tambayar dawar wa ke shanye a kan dutse, wanda ke kusa shi ke kwashewa. Shanyar maƙwabciya, akuyarta, ɗanta, duk ka shigar gidanka, in ta dawo daga gona ta yi sallama ta ce ko an ga kayana. Wadda ta zauna tana kallo ruwa ya ci hatsin maƙwabciyarta, ita ce za a yi zancenta a bakin rijiya.

Na kwantar da yaro kusa da uwarsa, na zura ƙatuwar rigar sanyin Ishaku a kan zanena, na fita. Na danna ƙararrawa, na ƙwanƙwasa, na yi gafara sau uku. Shiru. Na ɗauki kwalin na aza a ka. A hanyar dawowa na ga wasu biyu, na haɗa. Ruwan bai tsaya ba har Laraba, ni ma ban tsaya ba. Kwali bakwai daga gida biyar.

Kada wani ya ce ban nemi masu su ba. Ran Talata da yamma na ga wuta a wani gida, na je in faɗa musu kayansu na wurina. Ina danna ƙararrawa sai murya ta fito daga cikinta, ba a buɗe ƙofa ba, wai ba sa sayen komai, in tafi. Turancin da na shirya tun daga gida ya gudu ya bar ni tsaye. Raina ya ɓaci. Na ce to, mai kaya ya zo da ƙafarsa, kamar yadda ake yi ko'ina.

Ladi ban faɗa mata ba, zazzaɓi ne a jikinta. Kuma mi ne abin faɗa? Wa ke kai rahoto don ya kwashe shanya? Na jera su a ɗakina na ƙasa, na karanta lambar kowanne, na rubuta a takarda da hannuna, ina jin daɗin kaina. Na lamba goma sha huɗu in na girgiza shi sai in ji ruwa a ciki, ga shi da sanyi kamar randa. Na ce wannan ya fi shan ruwa, na ajiye shi jikin na'urar ɗumama ɗaki don ya bushe.

Ran Laraba na ga motar asibiti a ƙofar gidan nan, an fito da wani tsoho Bature a kwance. Na tsaya a taga na yi masa addu'a.

Ran Alhamis da tsakar rana sai ga Ishaku, abin da bai taɓa yi ba. Ko takalmi bai cire ba.

"Mama, don Allah zauna."

"Mi ya faru? Wa ya rasu?"

Ya miƙo mini wayarsa. Sai ga ni a ciki, da rigarsa, da zanena mai ruwan goro, ina leƙa taga, ina waige dama da hagu, ina aza kwali a ka. Waigen nan mai gida nake nema, amma wallahi ni kaina da na gani na ce wannan ɓarauniya ce. Ashe cikin kowace ƙararrawa akwai kamara. 'Yan unguwar da ba sa gaisawa suna da wani zaure a waya inda suke haɗuwa, can aka sa ni. Ishaku ya karanta mini abin da aka rubuta a ƙasa, wasu ya tsallake, na ga bakinsa yana tsallakewa. Wani ya ce ni na ɗauke keken ɗansa bara. Bara ina Zuru ina cire gyaɗa.

"Ina kayan, Mama?"

"Suna ƙasa. Ko tef ɗinsu ban ɓare ba."

"Wa ya ce ki taɓa su?"

"Ruwa ya ce. Kai ɗan Mahuta ne ko a nan aka haife ka?"

Ya dafe kai. "Mama, a nan ɗaure mutum ake yi a kan wannan. Takarduna na zama a ƙasar nan suna hannun hukuma, ko amsa ban samu ba."

Ba mu gama ba aka buga ƙofa. 'Yan sanda biyu, mace da namiji. Ni matar soja ce, kaki ba ya ba ni tsoro, na taho zan yi bayani hannuwana cikin zane saboda sanyi. Sai na ji Ishaku ya ce da Hausa, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Mama, fito da hannuwanki. A hankali. Su gan su." Ƙaton mutum mai digiri biyu, ya tsaya a falonsa tafukansa a buɗe kamar mai roƙon ruwa. Wannan ya fi bidiyon ƙona mini rai.

Na kai su ƙasa. Macen ta ga kwalayen a jere, ta ga takardata, ta daɗe tana dubawa. Ta tambayi wa ya rubuta, na ce ni. Ta ɗauki hoton takardar. Da ta zo kan na jikin na'urar sai ta taɓa shi, ta kalli abokin aikinta. Allurar ciwon suga ce a ciki, ta tsohon nan, Mista Gilbat. Da ƙanƙara ake haɗo ta don zafi na lalata ta. Ruwan da nake ji ƙanƙarar ce ta narke. Tsohon ya jira maganinsa bai gani ba, ya riƙa rage wanda ya saura masa don ya kai shi, har ya faɗi. Ɗiyarsa Linda, da ke wani gari tana kallon ƙofarsa ta waya, ita ta sa bidiyon, ita ta kira 'yan sanda.

Ba su tafi da ni ba. Sun rubuta sunana da lambar fasfo, suka ce za a ji ta bakin masu kaya, in sun dage magana za ta je kotu. Ladi tana bakin matakala tana riƙe da cikinta tana kuka.

Kwana biyu ban ci abinci ba. Ran Asabar na fito zubar da shara, sai Misis Odesa ta yafuto ni. Na ɗauka za ta zage ni. Ta nuna mini kujera, ta raba bargonta biyu ta rufa mini gwiwa. Tana magana a hankali, in ban gane ba ta sake, in ya ƙi ta nuna da hannu.

Ta ce ta gan ni tun ran Litinin, ta san abin da nake yi, don kakarta ma haka za ta yi. Ta yi nufin kirana, ƙafarta ce ba ta taka ƙanƙara. Ta buga dandamalin barandar da sandarta ta ce, "Kin san wannan, akwai masu cewa mutanenku ne suka kawo shi? Bayin da aka kamo daga can, su suka saba zama a inuwar ƙofar ɗaki." Ta ce tana yarinya a kudancin ƙasar, da yamma kowa na baranda, ba yaron da zai yi ɓarna uwarsa ba ta ji ba kafin ya iso gida. Sai na'urar sanyaya ɗaki ta zo, talabijin ya zo, mota ta zo, mutane suka shige ciki suka bar kujeru suna gadi.

Na ce, "To kayan fa? Don mi za a yar da dukiya a waje?"

Ta yi dariya mara daɗi. Ta ce sayayya ta gidan waya tsohon abu ne, kuma baƙar fata sun fi kowa riƙe shi. A zamanin kakarta, in baƙar mace ta shiga kanti sai ta jira an gama da duk fararen da ke ciki, ko bayanta suka zo. Ba ta da ikon gwada hula ko takalmi. Sai aka fito da wani ƙaton littafi mai hotunan kaya, ka zaɓa, ka aika ta wasiƙa, a kawo maka, ba wanda ya ga launin fatarka. Masu kanti suka ji haushi, a wasu garuruwan har tara littattafan suke yi su ƙone. Ta ce ranar da kwali ya iso gidan kakarta biki ne, maƙwabta na zuwa kallo, kuma in ba kowa a gida mai raba wasiƙa ya san wa zai ba ajiya, don ya san sunan kowa har da karnuka.

"Yanzu direba bai san kowa ba, an ƙayyade masa mintoci. Ɓarayi na bin motarsa a baya suna kwashewa, wannan gaskiya ne, ni ma an ɗauke mini. Sai kowa ya sayi kamara. Kuma a ƙasar nan, 'yar'uwa, tun kafin a yi kamara akwai masu zama a taga suna jiran su ga baƙar fuska a layin da ba nata ba. Da can da doki suke sintiri, suna farautar bayin da suka gudu."

Na ce, "Amma tsohon ni na kwantar da shi."

Ta ce, "Ke ce." Ba ta sassauta mini ba, kuma don haka na yarda da sauran maganarta.

Ran Lahadi wayata ta yi ƙara, Maman Dauda ce, shugabar zumuntar matan cocinmu a Zuru. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi jariri, ta tambayi sanyi. Sannan ta ce, "Asabe, wani abu ne ke yawo a wayoyin yara. Na ce musu haɗawa aka yi. Haɗawa aka yi ko?" Wani ɗan garinmu da ke Amurka ya gani ya tura gida. Zanen nan mai ruwan goro ankon zumunta ne, kowace mace a cocin tana da shi.

Na ce, "Ni ce. Amma ba sata ba ce."

Ta ce, "To. To. Allah ya kyauta." Na san wannan "to" ɗin, ni ma na sha yi wa wasu.

Lauyan da Ishaku ya samo ya ce kada in kusanci gidan tsohon, kada in ce uffan. Gida huɗu sun karɓi kayansu sun yi shiru, saura Linda. Ladi ta riƙe mini hannu ta ce, "Mama, don Allah ki bar bakin nan naki ya huta sau ɗaya." Na yi kwana huɗu ina bari. Ran na biyar na ga an dawo da tsohon, na ɗaura ɗankwali na je na tsaya gaban Misis Odesa. Ta dube ni, ta ɗauki sandarta, muka nufi gidan tsohon.

Linda ce ta buɗe, mace mai kamar shekara hamsin, idonta duk ya faɗa. Da ta gane ni ta ɗaga waya za ta kira 'yan sanda. Misis Odesa ta ce mata, "Kira su, amma ki bar mu mu zauna kafin su zo, ƙafata na ciwo." Daga ciki tsohon ya yi tambaya da ƙarfi, ashe kunnensa ne ba ya ji, shi ya sa bai buɗe mini ba ran Litinin. Yana ciki ina ta gafara.

Na durƙusa gabansa yadda ake yi wa babba. Linda ta ce in tashi, ba a yin haka a nan. Na ce mata da Turancina na bariki ba ita na durƙusa wa ba. Na ce masa, "Baba, ni na ɗauki maganinka, ni na sa shi a zafi. Jahilcina ne ya kusa kashe ka. Wannan na ɗauka, ka yi mini duk abin da ka ga dama. Amma ni ba ɓarauniya ba ce, kuma wannan ba zan ɗauka ba ko za a ɗaure ni."

Misis Odesa ta maimaita masa a kunne. Ya dube ni. Ya ce, "Ruwa ake yi ran nan?" Na ce da ƙanƙara. Ya ce shekara tara ke nan tun rasuwar matarsa ba wanda ya taka barandarsa sai mai kawo kaya. Ya juya ya ce wa ɗiyarsa ta kira 'yan sanda ta ce ya janye.

Linda ta ce, "Baba, ka kusa mutuwa."

Ya ce, "Na sani, ina wurin."

Ta ce to za ta goge bidiyon. Na ce ban yarda ba. A garinmu in ka kira mutum ɓarawo a kasuwa, ba a ɗaki kake ba shi haƙuri ba, kasuwar kake komawa. Ta ce ita ba ta yi ƙarya ba, abin da kamara ta nuna ta sa, ba za ta rubuta komai ba. Muka tsaya ido cikin ido. Gaskiya ban tsane ta ba. Da ubana ne aka ɗauka a motar asibiti, da na yi abin da ya fi nata.

Tsohon ne ya ce Misis Odesa ta ɗauke shi bidiyo da wayarta. Ya gyara wuyan rigarsa, ya faɗi sunansa, ya ce matar nan maƙwabciyarsa ce, ta kwashe masa kaya daga ruwa, ta yi kuskure, ba ta yi sata ba. Misis Odesa ba ta saba ɗaukar bidiyo ba, rabin fuskarsa kawai ya fito.

Magana ba ta je kotu ba. Na cika wata biyar, ɗinkin Ladi ya warke, yaro ya fara zama. Takardun Ishaku sun fito bayan na dawo, ya kira ni ya faɗa mini, muka yi ta godiya ga Allah, amma har yau in muna waya gaisuwa ce kawai.

Na tura bidiyon tsohon wa Maman Dauda tun ina can, na ce ta watsa. Ta ce ta watsa. Da na dawo Zuru na gane bidiyon farko ya je Kanya, ya je Mahuta, har wata jikar ƙawata a Legas ta gani. Na biyu kuwa, tsoho ne Bature yana magana da Turancin da ba a ji, ba abin dariya a ciki, wa zai tura wa wani? Na tashi a taron zumunta na yi bayani tun daga ruwan Litinin har durƙuson. Aka yi tafi, aka yi waƙa, aka ce Shaiɗan ya ji kunya.

Bayan wata biyu aka yi auren ɗiyar Maman Dauda. Shekara ashirin, duk bikin da za a yi a layinmu, ɗakina ake kai kayan gudummawa, atamfofi da kwanuka da buhunan shinkafa, ni ke riƙe makulli har a watse. Ran jajibiri na share ɗakin, na fitar da gadona tsakar gida, na shimfiɗa tabarma. Na zauna a ƙofa tun hantsi. Wajen la'asar na ga 'yan mata suna wucewa da kaya a ka, suna gaishe ni da ladabi, suna shiga gidan Talatu mai ƙosai.

Ba wanda ya ce mini komai. Na je bikin, na yi rawa, na ci tuwo. Da na dawo na kira yaran maƙwabta suka kama mini gadon muka mayar ciki.